Kifin da Bitrus Ya Bar wa Ladidi

A Zawaciki, in ka tambayi gidan Ladidi sai yara su tsaya suna kallonka. Amma ka ce Maman Esta mai kifi, har ƙofar ɗaki za a raka ka. Baƙo yakan ɗauka soyayyen kifi take sayarwa. Ba shi ba ne. Nata kifin ba a cin sa, kuma an yi lokacin da ko kallonsa ba ta son yi.

'Yar Zonkwa ce. Ta zo Kano tana budurwa, ta sauka wajen ƙanwar babanta, ba ta daɗe ba ta sami aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Aikinta shi ne ta zauna a bakin inji da reza a hannu, bokiti ko kofi ya faɗo da zafinsa, ta kankare masa baki ta jefa a kwando. Har yau kan yatsunta a kanta suke. Garwashi ma takan ɗauka ta mayar cikin murhu ba ta ce wash ba.

A coci ta haɗu da Bitrus, ranar da lasifikar mawaƙa ta ƙi yin magana aka kira shi daga bencin baya. Dogo ne, mutumin Panyam, ba shi da yawan surutu. Aikin wuta yake yi a wata masaƙa a Challawa, a sashen rini, inda yake kula da na'urorin da ke tsare zafin ruwan rini kada ya wuce kada ya gaza. Suka yi aure, suka kama ciki da falo a Zawaciki, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Esta.

Esta tana aji uku na firamare wata ranar Asabar adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida. Bitrus ya fito rungume da akwatin gilashi kamar mai ɗauke da jariri, direban yana biye da shi da bokiti. Wani manajansu ne, Ba'indiye, zai koma ƙasarsu, ya bar masa.

Ladidi ta leƙa bokitin. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye ne, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, jelarsu baje kamar mahuci.

“Baban Esta, wannan fa?”

“Kifi ne.”

“Na ga kifi ne. Yaushe za su girma?”

“Ai sun gama girma. Iyakarsu ke nan.”

Ta dube shi, ta dubi bokitin. “To me za a yi da su?”

“Kallo,” in ji shi, yana share gilashin da gefen rigarsa.

Teburin da take jera samirunta aka kwashe aka ɗora akwatin. Ta yi kwanaki tana mita. Ta ce mutum yana fama da cefane an ƙaro masa bakuna, kuma bakunan da ko romo ba za su yi ba. Bitrus dai murmushi kawai yake yi. In ya dawo daga aiki, kafin ya cire takalmi sai ya tsuguna a gaban gilashin, Esta ta hau bayansa, su yi ta raɗa wa kifaye suna.

Da sanyi ya shigo, kifayen suka lafe a ƙasa, suka daina cin abinci. Irin na ƙasashen zafi ne, ba sa jure ruwa mai sanyi. Bitrus ya ciro hita daga cikin kayan da manajan ya haɗo masa, wani siririn bututun gilashi da ake nutsawa a ruwa. A kansa akwai maɓalli, ka murɗa shi zuwa zafin da kake so, in ruwa ya kai nan ya kashe kansa. Haka dai ya kamata ya yi. Ya kuwa yi ta yi har tsakiyar sanyin, kifaye suka warware.

Wata Lahadi suka dawo daga sujada, Esta ce ta fara shiga, sai suka ji ihunta. Gilashin duk ya yi gumi. Abin da ke kashe hitan ya maƙale, kuma ranar an bar wuta tun safe ba a ɗauke ba. Ladidi ta tsoma yatsa, ta ji ruwan kamar na wankan jego. Kifayen duk sun taso sama, ciki a waje.

Ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta ga fuskar mijinta, ta rufe. Ya ɗauko rariyar shayi yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a faranti, a hankali, kamar za su ji zafi. Ranar bai ci tuwo ba. Da yamma suna zaune a ƙofar ɗaki ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba: mahaifinsa gadi ya yi a tafkunan kiwon kifi na garinsu, shi kuma yana ƙarami yakan kai masa abinci, su zauna a bakin ruwa, tsohon yana nuna masa yadda ake gane kifi mai lafiya daga yadda yake juyawa. Ya ce tun da aka binne tsohon bai sake zama a bakin ruwa hankali kwance ba sai da akwatin nan ya zo.

Da aka tashi daga aiki ranar Talata, maimakon ta hau motar gida, sai Ladidi ta nemi shagon masu kifin ado a titin gidan zu. Ta dawo da leda ɗaure cike da ruwa, kifi biyu suna yawo a ciki. Ta ajiye masa a cinya.

“Ga abin kallonka nan. Amma in ka sake dafa su, ni zan zuba musu gishiri da yaji.”

Ya yi dariya har da hawaye.

Bayan haka ne ya sayo sabon hita, ya shiga haɗa wani akwatin katako. Ya yi makonni a kansa, duk ranar hutu falo cike da guntayen waya da warin dalma. Da ya gama ya kafe shi a bango kusa da gilashin. A gabansa akwai ɗan allo mai nuna lamba da jar wuta, wata siririyar waya kuma ta fito daga ciki ta shiga ruwan, a bakinta wani ɗan ƙarfe kamar kan ashana. Bitrus yana kiran ƙarfen harshe, wai da shi akwatin yake ɗanɗana ruwa. In harshe ya ji sanyi, akwatin ya ba hita wuta. In ya ji ɗumi ya isa, ya yanke.

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani mai tsawo. Tana tsintar wake tana cewa “to”, “uhm”, hankalinta yana kan tukunyar da ke wuta. Abu ɗaya ta riƙe: jar lambar nan ta zauna a ashirin da shida, ko kusa da haka.

Shekaru suka tafi. Masaƙar ta rage ma'aikata, Bitrus yana ciki, shi da abokin aikinsa Malam Mustapha, wanda gidansa ke jikin nasu. Su biyun suka koma jan waya a sababbin gidajen da ake ta ginawa a unguwar. Bitrus ya sayi ɗan faifan sola da tsohon batir, ba don talabijin ba, don famfon iskar kifi. Lokacin zafi kuma ya ɗaura wata ƙaramar fanka a saman ruwan, akwatin katakon yana kunna ta da kansa.

“Kifin nan sun fi mu gata,” in ji Ladidi, tana fifita da murfin kwano.

Amma ita ma ta fara zama. In ta dawo daga Sharaɗa kanta yana sarawa saboda ƙarar injuna, takan jawo kujera gaban gilashin da sunan za ta gyara shinkafa. Sai a ga tire a cinyarta, hannu ya tsaya, ido yana bin wani ja mai doguwar jela. Bitrus yana gani, bai taɓa tanka mata ba.

A tsakiyar wata damina ya faɗi a wajen aiki, a wani gini da suke ja wa waya. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Malam Mustapha ne ya kai shi asibiti, shi ne kuma ya zo har bakin kamfani ya sa aka kira Ladidi. Bitrus bai farfaɗo ba. Aka kai shi Panyam aka binne kusa da mahaifinsa.

Da ta dawo Kano bayan zaman makoki, ta tsaya a ƙofar falo ta kasa shiga. Ta tabbata matattun kifaye za ta tarar. Sai ta ji ƙarar famfon iska. Ruwan tas, kifaye suna ta kai da kawo. Sauda, matar Malam Mustapha, wadda ta bar wa mukulli, ta leƙo ta bayanta.

“Kullum safe da yamma nake zuba musu, Maman Esta. Malam ya ce kaɗan-kaɗan, kamar gishirin miya. Ban sani ba ko na yi daidai.”

Ladidi ta riƙe hannunta, nan kukan da ta haɗiye tun daga hanya ya ƙwace mata.

'Yan'uwa suka ce ta tattara ta koma Zonkwa. Ta ce Esta ta fara makarantar koyon aikin jinya, ba za ta yi nisa da ita ba. Wasu suka ce to ta sayar da gilashin, ɗawainiya ce. Ta ce to, ba ta sayar ba. Ta ci gaba da yin abin da ta ga yana yi: ranar Asabar ta zuƙe ruwa kaɗan da tiyo, ta zuba sabo wanda ya kwana a bokiti, ta goge gansakuka. Akwatin katakon kuwa ba ta taɓa shi. Ko ƙurar kansa da gefen tsumma take kaɗewa, tana tsoron kada ta goce wani abu.

Sanyin farko bayan rasuwarsa ya zo da ƙarfi. Wata Asabar ta canza ruwa da safe kamar kullum, ta saka hita, ta ja ƙofa ta tafi taron zumuntar mata. Da azahar tana shawo kwanar layinsu ta hango Sauda tsaye a ƙofar gida da mayafi a kafaɗa.

“Yi sauri, wani abu yana ta kuka a ɗakinki. Tun ɗazu.”

Ƙara ce siririya mai shiga kunne, daga cikin akwatin katakon take fitowa. Ladidi ba ta taɓa jin ta ba. Jar lambar tana nuna sha tara. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ji ɗumi, ɗumin da ya fi na kullum. Lamba ta ce sanyi, hannu ya ce zafi. Farantin nan na shekarun baya ya dawo mata a ido, da rariyar shayi.

“Na kashe su,” ta ce. “Sauda, na kashe masa su.”

“Ke dubi, ga su nan suna yawo. Bari in kira Malam.”

Malam Mustapha ya yi sallama ya shigo da tastar gwada wuta a aljihun gaba. Ya dubi lambar, ya taɓa ruwan, sannan ya leƙa bayan gilashin. Ya ɗago wata waya da yatsa biyu.

“Ga mai laifin. Robar da ke manne harshen a jikin gilashi ta tsufa. Da kika canza ruwa ya zame ya faɗo waje. Iskar ɗaki yake ji, shi ya sa yake ta ce wa hita ƙara wuta.”

“To me ya hana ruwan tafasa?”

Ya dubi hitan, ya ga 'yar fitilarsa a mace. Ya ciro sukundireba ya kwance murfin akwatin. A ciki, bayan na'urar da kowa ke gani, akwai wata irinta sak, ƙarama, lambarta koriya, tana nuna ashirin da tara. Tata wayar daban, ta bi ta kusurwa ta shige ƙarƙashin wani dutse a cikin ruwan, an ɗaure ta da zaren roba yadda ba za ta motsa ba.

Malam Mustapha ya daɗe yana kallo. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

“Allahu akbar. Ashe ya saka.”

“Ya saka me, Malam?”

“Ta biyu. Kin ga, wuta ba ta isa ga hita sai ta ratsa ta wannan. Ita ba ruwanta da aikin yau da kullum, zaune kawai take. Sai ranar da ta farkon ta rikice, ruwa ya haura inda bai kamata ba, sannan ta yanke wutar ta yi ihu. Yau ce ranar farko da aka buƙace ta.” Ya nuna maɓallin kan hitan. “Wannan ma ya ɗaga shi sama kaɗan, in duka biyun suka gaza, shi ya tare.”

Ya kashe ƙarar, ya mayar da harshen cikin ruwa. Jar lambar ta fara hawa tana neman gaskiya.

“Tare muka je sayen ta a Sabon Gari,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Na ce masa, Bitrus, a masaƙa ne ake yin haka, inda yadi na mutane zai ƙone. Don ɗan kifin nan? Ya ce, ni in ina gida hannuna ya isa. Don ranar da ba na nan ne. Ba na so Ladi ta buɗe ƙofa ita kaɗai ta tarar da abin da muka tarar.” Ya dubi Ladidi. “Tafiyar aiki yake nufi, Maman Esta. Lokacin muna yawan zuwa Wudil.”

Ladidi ta zauna a hannun kujera. Sauda ta dafa kafaɗarta. Can Ladidi ta share fuska da bakin zani.

“Ya faɗa mini duk wannan, na tabbata ya faɗa. Wake nake tsinta.” Ta yi 'yar dariya mai haɗe da kuka. “Malam, ku koya mini. Ba na so in ƙara tsayawa a gaban abin nan kamar baƙuwa.”

Haka aka fara. Ranakun da ba ta da aikin yamma, bayan la'asar, takan ɗauki kujera ta shiga gidan Malam Mustapha. Su zauna a tsakar gida, Sauda tana yankan kuɓewa a gefe tana sa musu baki. Ya nuna mata wayar da ke ɗauke da wuta da wadda ba ta ɗauke da ita, ya sa ta rantse ba za ta taɓa tsoma hannu a ruwa ba sai ta zare filogi. Fere waya bai ba ta wuya ba, hannun da ya yi shekaru yana riƙe reza ne. Abin da ya ba ta wuya shi ne maɓallan saita lamba, ta yi ta mantawa, ya yi ta maimaitawa. Rannan ta haɗa waya a juye fis ya ƙone, Sauda ta watsar da kuɓewa ta yi ɗaki da gudu, suka yi ta dariya har magariba.

Abin da ya fi nanata mata shi ne, mai gadin da ba a taɓa tayarwa ba, ba a san ko yana da rai ba. Don haka farkon kowane sanyi takan ciro harshen na'ura ta biyu ta tsoma a kofin ruwan ɗumi. In ta ji ƙas, fitilar hita ta mutu, ƙara ta tashi, sai ta mayar da shi ƙarƙashin dutsensa.

A shagon kifin nan na titin gidan zu ta fara samun masu neman aikinta. Ta je sayen abincin kifi ta ji wata mata tana ba shi labarin yadda hita ya hallaka mata kifaye, ta sa baki. Matar, Hajiya Aina'u, a Bompai take, kuma akwatin kifin na mahaifinta ne, tsoho da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ba shi da abin da ke ɗebe masa kewa sai shi. Ta roƙi Ladidi ta zo ta haɗa musu irin nata, Malam Mustapha ya duba mata haɗin kafin ta tafi. Ta kafa na'ura biyu, ta gwada a gaban tsohon da kofin ruwan ɗumi. Da ƙarar ta tashi ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mata jinjina.

Yanzu tana da gidaje da ofisoshi 'yan kaɗan da take zagayawa ranar Asabar, yawanci a Bompai, ɗaya a Sharaɗa kusa da wajen aikinta. Ba ta bar kamfanin robobi ba. Esta ta gama karatu tana aiki a wani asibiti a cikin gari, takan zo ƙarshen mako ta tarar da falo cike da guntayen waya, ta ce, “Mama, kin zama Baba.” Ladidi ta ce ta matsa mata daga haske.

Bara idon Malam Mustapha ya fara yana, ƙananan wayoyi suka daina ganuwa gare shi, aiki ya ja baya. Sauda ta ce za ta gwada kiwon kaji ta taimaka. Ta sayo 'yan tsaki kwali guda a tsakiyar sanyi, ta kunna musu fitilar ƙwai da kurfoti. Wasu sanyi ya kashe, wasu suka taru a jikin wuta suka danne juna. Ta shigo wajen Ladidi ido jawur.

Ladidi ta je ta duba ɗakin kajin, ta auna da taku, ta dawo. Ranar Lahadi bayan sujada ta shiga gidan da akwatin katako a hammata, wanda ta sa kafinta ya buga mata. Ta rataya ƙwan fitila masu zafi guda biyu, ta saukar da harshe ɗaya daidai tsayin kan ɗan tsako, ɗayan ta ɗaure a jikin ƙusa. Malam Mustapha yana tsaye a bakin ƙofa yana riƙe mata tocila, ko da yake rana ce tsaka.

“Jar wayar a dama take ko?” ya tambaya.

“A dama take, Malam.”

“Kin ɗaure ta sosai?”

“Ku taɓa ku ji.”

Ya laluba da yatsa, ya ja, ya gyaɗa kai. Ta kunna. Fitilun suka kama, 'yan tsakin da ke cure a lungu suka fara warwatsuwa, wani ya miƙe ƙafa ɗaya ya baje fiffike ya kwanta a kan dusa.

Sauda ta kawo kunun gyaɗa a kofuna, matan biyu suka zauna a kan buhun abincin kaji suna sha.

“In sun girma, zakaran farko naki ne,” in ji Sauda.

“Ki bar shi ya yi ƙiba tukuna,” in ji Ladidi. “Kirsimeti da sauran lokaci.”